Malamin Ƙananan Yara da Tsanin Ɗaukakarsa: Ƙasar Ruma a Madubin Duniya



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne ilmin ƙananan yara, watau waɗanda ba su kai shekara shida ba, da kuma yadda mai koyar da su yake samun horo da ɗaukaka a cikin aikinsa, a nan gida da sauran ƙasashen duniya. Fagen yana da faɗi ƙwarai, in mutum bai kafa turke ba sai ya yi ta gewaye har lokaci ya ƙure bai ce kome ba. Saboda haka na kafa nawa turken a ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Katsina, domin wuri ne da duk wani tsarin ilmi da aka zana a Ikko ko Kaduna ko Abuja yake gamuwa da jarrabawarsa mafi tsanani. Maganar da nake so in kafa hujja a kanta guda ɗaya ce. Tun daga zuwan boko, mun gina wa malami tsani wanda kowane mataki nasa yake nisanta shi da ƙaramin yaro, yake kuma nisanta shi da ƙauye. Tarihinmu da na wasu ƙasashe sun nuna cewa ana iya gina tsanin ta wata fuska.

Ƙasar bakin daji

Sai mu fara da ƙasar kanta. Bayan jihadi, sa'ad da sarautar Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, zuriyar sarakunan da aka kawar suka yi arewa suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma ta zama bakin iyaka tsakanin maƙiya biyu. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, an yi bore a wannan yanki don goyon bayan Ɗan Mari, aka kuwa murƙushe shi da ƙarfin gaske, garuruwa suka watse, daji ya cinye kufai. A 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta Kurfi da Zakka a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta irin fargabar da ayari yake ciki kafin ya ratsa dajin da ke yamma da Zakka. Ba banza ba ne sunan da ya fi fita daga Ruma a ƙarshen wancan ƙarni ya zama na mayaƙi, watau Ɗanwaire. Dajin nan shi ne muke kira Rugu a yau, Sarkin Ruma yana riƙe da Batsari, Yariman Katsina yana riƙe da Safana.

Na kawo wannan ne don a lura da abu guda. A ƙasar da ake kwana da shirin gudu, ilmin da yake rayuwa shi ne wanda ake iya ɗauka a ka. Allo da tawada da malami suna iya tashi daga wannan gari su sauka a wancan, karatu ya ci gaba washegari. Aji na bulo da benci ba ya tashi, malamin da aka turo daga nesa kuwa shi ne farkon mai haɗa kayansa.

Reno kafin boko

Kuskure ne babba a ɗauka cewa Bahaushe bai san ilmin ƙananan yara ba sai da aka zo da makarantar nazare. Ni malamin Hausa ne, don haka bari in shiga ta ƙofar harshe. Muna da goyo, muna da reno, muna da yaye, muna da tarbiyya, kowace kalma da matakinta da mai ɗaukar nauyinta. In an yaye yaro, wajen shekara biyu, akan kai shi wurin kaka, a nan ne kuwa yake shiga makarantarsa ta farko ba tare da an rubuta sunansa a rajista ba. Tatsuniya tana koya masa bin zaren labari daga farko zuwa ƙarshe, da riƙe sunaye, da gane cewa aiki yana da sakamako. Kacici-kacici yana koya masa kwatanta abu da abu. Karin maganar da kaka take jefa masa, da salon maganar da ake karya harshe da shi, su ne darasin furucinsa. Yarinya da 'yartsanarta ta kara ko ta ƙashi tana kwaikwayon dukan zaman gida, daga biki har suna. Ɗan Fulanin rugar gefen Rugu kuwa, kafin ya cika shekara shida ya san launin kowace saniya da sunanta, ya san ciyawar da ke kashe dabba. Wannan rarrabewa ce da ƙidaya, ko da ba a kira su lissafi ba.

Daga nan sai makarantar allo, wadda yaro yake shiga yana ɗan shekara huɗu ko biyar. A farkon mulkin Turawa an ƙiyasta cewa irin waɗannan makarantu a Arewa sun kai 20,000 ko fiye. Abin da ya kamata masana ilmi su tsaya su duba a nan shi ne dabarar koyar da babbaƙu. Malaman da suka raɗa wa haruffan Larabci sunayen Hausa, irin su lam jaye da mim ara da ha kuri, sun gane cewa yaro yana kama siffar abu ne in an kira masa ita da harshen uwarsa. Sai ya gama babbaƙu a ɗora masa farfaru, sa'an nan ya fara haɗa baƙi. Kuma makarantar tana da nata tsani: kotso, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Abin lura shi ne, gwani kome ɗaukakarsa bai fi ƙarfin ya rubuta wa kotso allo ba. Girman malami da ƙanƙantar almajiri suna zaune a kan buzu guda.

Ba ina cewa wannan tsari ba shi da aibi ba ne. Bulala ta yi yawa a cikinsa, malaman Musulunci da kansu sun daɗe da faɗar haka. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara, ya kuma yi wa duka iyaka. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa yana nuna cewa tsananta wa ɗalibi yana kashe masa zuciya, yana koya masa ƙarya da munafunci. Ga shi kuma harshenmu ya tona mana asiri, domin kalmar horo da muke cewa Kwalejin Horon Malamai da ita, ita ce dai muke cewa an yi wa ɓarawo horo.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu ta yau shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matsalar da ta fuskanta ita ce tamu: mata a ƙauyuka masu nisa, ba su iya barin gidajensu su zo birni karatu. Sai ta naɗa jajoji, watau dattijan mata amintattu daga cikin ƙauyukan, ta ba kowace malfa a matsayin alamar muƙami. Jaji takan jagoranci 'yan taru su zo wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da na gida. Jaji ta sami ɗaukaka, an san ta, ana girmama ta, amma ɗaukakar ba ta raba ta da ƙauyenta ba. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi a Mambasa.

Abin da aka yi a Turai

A Turai ma makarantar ƙananan yara daga wahala ta fito. Sa'ad da masana'antu suka kwashe iyaye mata, Robert Owen ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikatan masaƙarsa makaranta a New Lanark ta Sikotilan a 1816. A Jamus Friedrich Froebel ya buɗe tasa a Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya sa mata sunan da ke nufin lambun yara. Mutane sun fi tuna shi da kayan wasan katako da ya ƙirƙiro, amma a ganina babban aikinsa shi ne nacewa da ya yi cewa kula da ɗan shekara huɗu sana'a ce da ake koyo, ya kuwa horar da mata a kanta. Gwamnatin Furusiya ta haramta makarantun nasa a 1851, ya rasu a 1852 haramcin yana nan, amma matan da suka koyi aikin suka bazu da shi har Ingila da Amurka. An rufe gine-gine, ba a iya rufe malamai ba.

Maria Montessori, likita ce, ta buɗe gidan yara na farko ranar 6 ga Janairu 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, unguwar talakawa tilis. Margaret McMillan da 'yar'uwarta Rachel sun yi nasu a Deptford, wani lungun matalauta a Landan, inda suka fara da wanka da abinci da iska mai kyau kafin karatu, daga bisani aka kafa kwalejin horon malamai da sunan Rachel a 1930. Abin mamaki, sunayen da aka fara don 'ya'yan talakawa su ne a yau ake liƙawa a ƙofar makarantun kuɗi na unguwannin masu hali a Kano da Abuja.

Faransa ce ta fi dacewa da mu tsaya a kanta, don maƙwabtanmu na Maraɗi tsarinta suka gada. A 1881 aka shigar da makarantun ƙananan yara cikin tsarin gwamnati, aka ba Pauline Kergomard muƙamin babbar sufeto. Ta shekara fiye da talatin tana zagaya ƙasar, tana shiga aji-aji, tana yaƙi da abu guda, watau mai da makarantar yara ƙaramar firamare inda ake zaunar da ɗan shekara uku a benci yana haddar abin da bai gane ba. Abin da Faransa ta kai gare shi daga baya shi ne, mai koyar da ɗan shekara uku da mai koyar da ɗan shekara goma jarrabawa guda suke ci, albashi guda suke ɗauka, matakan ƙarin girma guda suke hawa. A 2019 ta wajabta karatu tun daga shekara uku. Malama a can tana iya ƙare aikinta a ajin ƙanana ba tare da wani ya ce ta ci baya ba.

Tsanin da aka gina mana

To, mu dawo gida. Boko ya shigo Arewa ne ta sama. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da nufin samar da 'ya'yan sarakuna da malaman da za su riƙe ofisoshin En'e. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, aikinta kuwa horar da malaman da za su koyar a manyan makarantun larduna. Ku duba inda fitattun ɗalibanta suka ƙare. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Bauchi, ya je Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, ya dawo ya shiga majalisa. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, aka ɗauke shi zuwa Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Isa Kaita ya koyar a Midil ɗin nan dai, ya tafi aikin rediyo, daga baya ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa. Ba wanda zai ce ƙasa ta yi hasarar waɗannan mutane. Amma sun bar wa na baya wani darasi da ba a rubuta a manhaja ba: malamin da ya yi fice, alamar ficensa ita ce ya bar aji.

A ƙasan tsanin kuma sai malamin elemantare na ƙauye, mai ƙaramar takarda da ƙaramin albashi. Da aka jera takardun shaida, Giredi Uku, Giredi Biyu, sa'an nan NCE wadda ta biyo bayan rahoton Ashby na 1960 da buɗe Babbar Kwalejin Malamai ta Zariya a 1962, sai kowace takarda ta zama tikitin mota. Mai Giredi Biyu ya bar aji ɗaya ya koma aji bakwai ko ya zama hedimasta, mai NCE ya bar firamare ya koma sakandare, mai digiri ya bar sakandare ya koma ma'aikatar ilmi. Aji ɗaya, inda yaro yake fara riƙe alli, ya zama rabon sabon shiga ko wanda ya gaza. Mata kuwa, waɗanda a ko'ina cikin duniya su ne ƙashin bayan wannan aiki, an makara ƙwarai wajen horar da su. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Katsina da Kano, cibiyar horon malamai mata ta Sakkwato kuwa sai a 1939, duk a cikin birane.

An yi wani ƙoƙari da ya saɓa wa wannan, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a tarihin ilmin Arewa ba. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa. An rubuta sababbin littattafai, an ba Hausa muhimmanci a azuzuwan farko, amma zuciyar shirin ita ce malaman tafi-da-gidanka, watau ƙwararrun malamai da aka ba kowannensu 'yan makarantu yana zagayawa, ya zauna a bayan aji ya ga darasi, in an tashi ya zauna da malamin su gyara. Horo ne yake zuwa wurin malami, a ajinsa, gaban yaransa. A daidai lokacin ne kuma Farfesa Babs Fafunwa yake gwajinsa na Ife, wanda ya fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, suka kuma yi abin kirki har a Turanci.

Sai ga UPE a watan Satumba na 1976. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka buɗe kwalejojin horo barkatai, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗauki duk wanda ya iya riƙe alli. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ba da horo daga nesa. Ambaliyar ta kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba, wannan alheri ne da ba a musu, amma ta shanye ƙananan shirye-shirye masu inganci irin wanda na ambata. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi a kan ilmin yara 'yan shekara uku zuwa biyar, ta ce a koyar da su da harshen uwa ko na yankin, sa'an nan ta bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu. Mai zaman kansa kuwa ribarsa yake bi, ba zai kai jarinsa Wagini ko Runka ba alhali ga GRA. Sai da dokar UBE ta 2004 ta zo aka sa ilmin ƙananan yara cikin nauyin gwamnati, aka ware masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin tallafin, daga baya manufar 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Mutanenmu sun riga sun raɗa wa wannan aji suna, suna ce masa rabin aji. Sunan yana da daɗi a baki, amma ina tsoron ya bayyana yadda hukuma take kallonsa: rabin aji, rabin malami, rabin kulawa.

Inda aka auna aka gani

Wani zai ce, duk wannan daɗin baki ne, ina shaida? Akwai gwaje-gwaje biyu da masana suke yawan komawa gare su. Na farko a garin Ypsilanti na Amurka, daga 1962 zuwa 1967, inda aka ɗauki yara 123 'ya'yan baƙar fata matalauta, aka sa 58 a makarantar share fage, sauran aka bar su, aka bi rayuwarsu har suka manyanta. Waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi samun aiki, sun fi kauce wa kurkuku. Amma masu ambaton wannan sakamako sukan manta da sharaɗinsa: malaman ƙwararru ne, kowace tana da yara biyar ko shida, kuma kowane mako tana zuwa gidan yaro ta zauna da uwarsa. Na biyu a Kingston ta Jamaika, daga 1986, inda ma'aikatan lafiya na unguwa, ba masu digiri ba, suka riƙa ziyartar yaran da tamowa ta tsumburar sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da hira da yaro, da kayan wasan da aka ƙera daga gwangwani da tsumma. Bayan shekara ashirin aka tarar abin da yaran nan suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na gaɓar Afirka ta Gabas. Shugabannin Musulmin Mambasa sun ga 'ya'yansu suna shiga firamare a baya, suna fita a baya, suka nemi taimakon Gidauniyar Aga Khan. A 1986 aka fara shirin makarantun share fage a cikin madarasoshin unguwa, waɗanda da ma a rufe suke da safe, a ƙarƙashin jagorancin wata malama, Swafiya Said. Jama'ar unguwa su ke zaɓen 'yarsu, sau da yawa mai ƙaramin ilmin boko, a horar da ita, sa'an nan mai horarwa ta riƙa zuwa ajinta a kai a kai har ta ƙware. Manhajar ta haɗa karatun addini da harshen Sawahili da wasa da ƙidaya. Shirin ya haye Zanzibar a 1990, ya shiga Yuganda a 1993. Wadda ta ƙware a cikinsu takan zama mai horar da na kusa da ita. In ba jaji ba ce wannan, to mece ce?

Ruma a shekarun nan

Ba sai na tsawaita a kan abin da ya sami wannan yanki ba, da yawa a cikin zauren nan sun fi ni sani. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Batsari da Safana. Makarantun ƙauyuka sun rufe, azuzuwan garin Batsari sun zama masaukin 'yan gudun hijira. A 2025 an yi zaman sulhu a waɗannan ƙananan hukumomi tsakanin jama'a da mutanen daji. Kome sulhun ya haifar, akwai lissafin da ba ya canzawa: yaron da aka haifa a 2019 ya cinye dukan shekarun da muke magana a kansu cikin gudu da firgita, shekarun nan kuwa ba a maimaita su kamar yadda ake maimaita aji.

A irin wannan hali ba a ga laifin malamin da aka turo daga Katsina ko Dutsinma in ya nemi canjin wurin aiki ba, yana da iyali, rai kuma guda ne. Wanda ba ya neman canji shi ne ɗan gari da 'yar gari: malamar Islamiyya, matar da ta gama sakandare aka yi mata aure a ƙauyen, alaramman da yara suke kewaye da shi tun asuba. In gari ya tashi tare suke tashi da yaran, in ya dawo tare suke dawowa. Su ne kuwa tsarinmu bai san da zamansu ba, domin doka ta ce mafi ƙanƙantar takardar koyarwa ita ce NCE, Hukumar Rajistar Malamai da aka kafa a 1993 kuma ba ta da gurbin wanda ba shi da ita. Ban ce a rage darajar takarda ba. Abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, ya isa ya nuna cewa takarda kaɗai ba ta ba da tabbacin kome, kora kaɗai kuma ba ta samar da madadi. Cewa nake yi a buɗe ƙofa daga ƙasa, yadda matar Runka za ta fara a matsayin mataimakiya, ana zuwa ana duba aikinta, tana tara darussa ta hanyar Cibiyar Malamai ta Kaduna ko Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsinma, maƙwabciyar Safana, har ta kai ga NCE ba tare da ta bar yaranta shekara uku ba. A kuma buɗe wata ƙofar daga sama, yadda za ta iya kai matakin albashin hedimasta tana nan a rabin aji, ko ta zama mai zagaya makarantu biyar na kusa da ita.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba zan iya tsallakewa ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukan shekarun firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka sanar da soke wannan aka koma Turanci. Masu wannan shawara suna da hujjarsu ta sakamakon jarrabawa da ƙarancin littattafai. Amma ɗan shekara huɗu a Batsari da Hausa yake tsoro, da ita yake tambaya, ɗan rugar da ke gefensa kuma da Fulatanci. Malamar da za ta kwantar masa da hankali bayan ya kwana a daji dole ta yi da harshen da yake mafarki da shi. Sassan Hausa na jami'o'inmu suna da laifinsu a nan, mun cika kantoci da nazarin waƙoƙin fada da na siyasa, littattafan da ɗan shekara huɗu zai buɗe ya ga hoton akuya da sunanta kuwa ana iya ƙirga su da yatsu.

Ma'aikatan da ke zaune a nan sun san inda alƙalamin yake. Tura malami da ɗaga shi a firamare yana hannun Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi, tsarin matakan albashi kuma yana bi ta ofishin shugaban ma'aikata. Sakataren ilmi na Batsari ko na Safana ba ya bukatar sabuwar doka daga Abuja kafin ya ɗauki malamar da ta fi kowa iya aiki a makaranta ya ba ta ajin ƙanana, ya kuma rubuta a fayil ɗinta cewa ƙarin girma ne.